Gimbiya Ta Zo Da Zuciyarta

Assalamu alaikum ƴan uwa masu karatu. Sunana Safiatou, daga Magariya. Wannan ne karon farko da na rubuta abu na sake shi mutane su gani, don haka in kun ga na yi tuntuɓe ku ɗaga ni a hankali. Ni a baki ba ni da kataɓus, in mutane suka zuba mini ido sai harshena ya naɗe. To amma abin da ya faru a gidanmu ya ƙi zama a cikina.

Yayata Habsatou tana aure a Guci, can gaban Dungas, gidan makiyaya masu noma. Mijinta Harouna mutum ne mai sanyi kamar ruwan randa. Cikinta na fari yana shiga wata biyar numfashi ya fara yi mata gardama. Daga ɗaki zuwa madafa sai ta zauna ta huta. Kwanciya ta gagara, sai dai a jingine da matasai. Harouna ya kawo ta gida, daga nan muka wuce Damagaram. Ni aka ɗauka in juya Faransanci, don a gidanmu duk wanda ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, ya zama tafinta har abada.

Likita ya yi mata eko, wato hoton zuciya, ya juyo mana da allon. Ya ce a cikin zuciya akwai ƴan ƙofofi masu buɗewa da rufewa, ɗaya daga cikin nata ta tsuke ta yi tauri, tun wani ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a kula da shi ba. Da ita kaɗai ce da ta ci gaba da lallaɓawa, to yanzu zuciyar mutum biyu take yi wa aiki. Dole a sake ƙofar, kuma kafin cikin ya yi nauyi. Bai ɓoye mana ba, ya ce aikin yana da haɗari ga abin da ke cikin, amma zama ya fi haɗari gare su su biyun. Masu aikin baƙin likitoci ne da suka sauka a Yamai, ba kuma za su daɗe ba. Motar asibiti za ta tashi da ita ranar Alhamis da safe.

Sai ya ce ƙofar iri biyu ce. Akwai ta ƙarfe, tana daɗewa, amma sai da maganin tsinka jini har ƙarshen rayuwa, maganin kuma ba ya shiri da ciki. Akwai wadda ake yi da tantanin zuciyar saniya, ita ba ta neman wannan magani, mace ta yi haihuwarta, sai dai bayan wasu shekaru tana tsufa a cire ta a sa wata.

Yaya Habsatou ta ja numfashi ta ce, "A sa ta saniyar. Da ma cikinsu nake, ƙarin ɗaya ba wani abu ba ne."

Da muka dawo na yi wa Inna bayani, kalma biyu kawai ta riƙe. Tunda ba ta magana da suruki kai tsaye, sai ta fuskanci bangon ɗaki ta ce, "Ciwon zuciya? Ni dai lafiya lau na ba da ƴata, har da kumatu. A tambayi wanda ya sa mata."

Harouna ya sunkuyar da kai kamar shi ne ya tsuke ƙofar da hannunsa. Ya riga ya tambayi liman, an ce masa lalura ce, ya halatta. Abu ɗaya ya rage. Ya ce, "Sai Baffa ya ce to."

Kada ku zage shi. Baffa Sambo, mahaifinsa, wannan ne jikansa na fari. In aka tsaga ƙirjin surukarsa ba da saninsa ba, wani abu ya sami cikin, Harouna ba shi da fuskar komawa Guci. Baffa kuma ba ya riƙe salula, ya ce abin da ke kuka ba ya cin ciyawa ba ya kiwonsa. Sai ta salular ƙanen Harouna, Umaru. Aka ce in yi vokal, wato saƙon murya, in tura. Na shiga bayan rumbu na yi ta ɗauka ina gogewa, har na samu wanda muryata ba ta rawa sosai. Na yi bayanin ƙofa, na yi na ƙarfe, na yi na saniya, na tura.

Yanzu sai na gaya muku wane ne Umaru.

Tun bikin Yaya yake da lambata. Dogo ne, rawaninsa shuɗi, in ya yi murmushi sai ya kalli ƙasa. Bai taɓa ce mini yana sona ba. Hoton shanu yake turo mini. Da safe saniya, ƙarƙashinta "Ina kwana." Da yamma maraƙi, "Ina wuni." Ranar da na ci bak ya turo bijimi, babu ko kalma. Ni kuma duk littattafan soyayyar da na karanta babu inda aka koyar da yadda ake amsa bijimi, sai na rubuta, "Masha Allah, ya yi ƙiba."

Vokal ya tafi ranar Asabar. Shiru. Harouna ya kira, Umaru ya ce, "Baffa ya ce in mun zo ka ji." Ranar Litinin da hantsi ina tsinke zogale sai salula ta yi ƙara. Hoton wata farar saniya ce, an wanke ta tas, ƙahoninta suna sheƙi, ga sabuwar igiya a wuya. Ƙasa Umaru ya rubuta:

"Gimbiya ke nan. Muna hanya. Baffa ya ce a kawo ta gidanku."

Ban san Inna na bayana ba sai da na ji numfashinta a kunnena.

"Karanta mini."

Na karanta.

"Sake."

Na sake. Sai ta rangaɗa guɗar da ta sa kajin maƙwabta suka watse.

Ku gane, Inna ta daɗe tana fama da ni. Kullum maganarta, "Sa'o'inki suna goye da na biyu, ke kina goye da littafi." Ta ce, "Tsoho mai dabara! Amsar Habsatou a baki, neman aurenki a igiya. Tafiya ɗaya, buƙata biyu."

Na ce, "Inna, ba mu fa tabbatar ba."

"Ke da kika yi karatun lakwal, gaya mini, yaushe makiyayi ya taɓa wanke saniya don ta zo gaida mara lafiya?"

Gaskiyar magana, ƴan uwa, ban so in samu amsar ba.

A ƙafa suka taho. Hotuna suka yi ta shigowa duk inda rezon salula ya kama: Gimbiya tana shan ruwa, Gimbiya a gefen kasuwar Dungas ƴan kabu-kabu suna kallonta, Gimbiya a inuwar gawo. Na tambayi Umaru don me ba su sa ta a mota ba. Ya ce, "Baffa ya ce kada zuciyarta ta firgita." Na karanta wa Inna, ta dafe ƙirji ta ce, "Kin ji mutanen da suka san darajar kaya."

Yaya Habsatou tana jingine tana jinmu. Leɓɓanta sun yi duhu, ƙafafunta sun kumbura har zoben azurfar yatsarta ya nutse. Ta yi ƴar dariya, dariyar ta zama tari. Da ya lafa ta ce, "Ni dai a ce to kafin Alhamis. Wanda ke cikin nan ya fara yi mini ƙorafin iska."

Ranar Laraba Inna ta tashe ni da lalle. Aka share tsakar gida har sau biyu, aka shimfiɗa tabarmar baƙi, aka dama fura, turaren wuta ya cika ko'ina. Ta sa ni atamfar Sallah mai ruwan goro da zanen makullai, ta ɗaura mini kallabi ya tsaya kamar zai yi kiran sallah, ta zizara mini kwalli. Daga nan ta zare tabarauna ta jefa a aljihun zanenta.

"Inna, ba na gani."

"Yau ke za a gani."

Bayan la'asar aka yi sallama. Maƙwabciyarmu Zahara'u da ƴaƴanta sun riga sun jera kawuna a kan katanga. Inna ta tura ni gaba. Na fita ina lalube, na hango wani abu fari mai tsawo da kwarjini a bakin zaure, na durƙusa har ƙasa.

"Baffa, sannu da hanya. An zo lafiya?"

Wani ɗumi ya busa mini a fuska, sai harshe mai kaushi ya lashe mini kwallin ido ɗaya.

Katanga ta fashe da dariya. Daga hagu wata murya ta ce a natse, "Lafiya lau, yarinya. Kin kyauta da kika fara da ita, ita ta fi gajiya."

Da ƙasa ta tsage da na shige da kallabina. Ina jin Umaru yana tari irin na wanda dariya ta shaƙe.

Aka zauna. Baffa a kan tabarma da sandarsa a gefe, Harouna da Umaru a rakuɓe nesa da shi, Inna a bakin ƙofa ta ja mayafi, Yaya a ɗaki bayan labule. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi damina, aka tambayi shanu, aka sake tambayar gida. Baffa ya sha fura ya goge gemu.

"Hajiya, na ji saƙon yarinyar nan. Na sa an kunna mini shi har ya shiga kaina. Na kwana ina zagaya garke."

Inna ta ce, "Allah Sarki, Malam."

"Na duba Ɓaleri, ƙarfi gare ta amma tana da tunkuri. Na duba Wule, ita kuma tsoro, ko leda ta tashi sai ta zabura. Na ce a'a. Abin da zai zauna a gidan mutum har tsufa, hali ake dubawa."

Inna ta ce, "Wannan gaskiya ne, Malam. Tamu ma ba ta da hayaniya, karatu ne kawai ya yi mata yawa."

Baffa ya ci gaba. "Gimbiya ba ta taɓa harbin mai tatsa ba. Na san uwarta, na san kakarta. Ta haihu lafiya, ba ta taɓa ɓari ba. Saboda haka gobe a sa ta gaba a tafi Yamai. Likita ya yanka da bisimilla, ya ɗebi abin da zai ɗiba na zuciyar, naman a raba wa marasa lafiya."

Gimbiya ta ci gaba da tuƙarta.

Inna ta ce, "A yanka wa?"

"Saniyar. Ba ƙofar zuciyar saniya aka ce za a sa wa yarinyar ba? Ga saniya."

Daga kan katanga Zahara'u ta ce, "Hajiya, guɗar taki a mayar miki ko a ajiye?"

Inna hannu kawai ta sa a aljihu ta miƙo mini tabarauna. Na sa, duniya ta dawo, abu na farko da na gani shi ne Umaru yana kallon atamfata, ya gane komai, kunnuwansa kamar za su kama wuta.

Duk ido ya dawo kaina, ni tafinta. Harshena ya naɗe, na warware shi da ƙyar. Na ce Baffa, ba haka ake yi ba. Ƙofar a shirye take zuwa, cikin kwalba, daga wata ƙasa mai nisa. An daɗe da gyara ta da magunguna, an auna ta. Ba a zuwa da saniya asibiti.

"Saniyar wa ce?"

"Ba a sani ba, Baffa."

"Wace iri ce? Fara ce, ja ce?"

"Ba sa rubutawa."

"Uwarta fa?"

"Ita ma ba a sani ba."

Baffa ya ɗauki sandarsa ya ɗora a cinya. Dariyar katanga ta mutu. Ya ce, "Saniyar da ba a san mai ita ba, ba a san uwarta ba, ba a san halinta ba, ko garkena ba na bari ta kwana. Ita za a sa a ƙirjin yarinyar nan, a saman kan jikana? In Gimbiya ce, na ce to. In baƙuwa ce, ban ce ba."

Harouna ya buɗe baki, Baffa ya ɗaga yatsa ɗaya, ya rufe. Na ga hawaye ya taru masa. Motar asibiti gobe da safe ce. Na lalubo duk Faransancina da duk littattafan da na haɗiye, babu abin da ya fito sai, "Amma Baffa, kimiyya ta ce..."

"Kimiyya ƴar wa ce?"

Sai labule ya motsa. Suruka ba ta yi wa uban miji magana, amma ƙanen miji abokin wasanta ne, ko zaginsa ta yi ba laifi. Muryar Yaya ta fito, kalma biyu, numfashi, kalma biyu.

"Umaru. Kai mai hoton shanu."

"Na'am, Yaya."

"Ni ƴar gari ce, na manta. Mene ne sunan abin nan naku, in mutum ya rasa dabba wani ya ara masa?"

Umaru ya saci kallon Baffa. "Habbanaye."

"Yaya ake yi?"

"A ba ka saniya ka riƙe. Ka sha nono. In ta haihu sau uku, ƴaƴan naka ne, ka mayar da uwar."

"In an ba ka, kana cewa ba ka so?"

"Subhanallahi. Abin kunya ne."

Ta yi tari mai tsawo. Ta ce, "Labarin nan da ake ba mu kullum bayan sallar magariba, na shekarar fari. Da garke ya ƙare ƙaf. Wani mutum a bakin rijiya, wanda ba a ko san garinsu sosai ba, ya miƙa wa wani saurayi igiya. Wace saniya ce ma?"

Umaru ya ce, "Kakar Gimbiya."

"Saurayin ya tsaya tambayar uwarta?"

Wannan tambayar ba ta Umaru ba ce, kowa ya san Baffa ne saurayin.

"To ka ji," in ji Yaya. "Likita ya ce ƙofar nan ba kyauta ba ce. Zan riƙe ta ƴan shekaru, in haifi nawa, ta tsufa, a karɓe ta. Wani bawan Allah da bai san ni ba ya miƙo mini igiya. Ni dai kunya nake ji in ce ba na so. Amma ku kuka san al'adarku."

Baffa ya daɗe yana kallon Gimbiya. Ya shafa gemu. Ya kalli labulen, inda ake jin numfashin Yaya yana fita kamar ana jan guga. Sannan ya juya ga Harouna, wanda ba ya kiran sunansa tunda ɗan fari ne.

"Kai, wancan. Da ma aro ne?"

"Aro ne, Baffa."

"Shi ne ba wanda ya faɗa mini, kuka bar yarinya tana ta ƙofa, ƙofa, kamar za a gina ɗaki?" Ya buga sandar a ƙasa. "Ku tafi. Saniyar aro ta fi ta gida daraja, a kula da ita. Kuma in kun je ka tambayi likitan sunan mai ita. Ba a cin habbanaye a ƙi zuwa gaisuwa."

Harouna ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa. Inna ta manta da fushinta ta sake guɗa, wannan karon kajin ba su ko motsa ba, sun saba.

Na ɗauka an gama. Baffa ya miƙe, ya kwance igiyar Gimbiya daga turke, ya tako har gabana.

"Wanda aka ara wa, shi ma ya ara. Ke kika fara gaishe ta, ke za ki riƙe ta. Habbanaye ce."

Na ce, "Baffa, ni ko akuya ban taɓa..."

Daga bayan labule aka ce, "Abin kunya ne, Safiatou."

Yayata ke nan, da rabin numfashi ma sai da ta harbe ni.

Baffa ya ce tunda ban iya tatsa ba, Umaru zai zauna wajen kawunsa a nan Magariya ya riƙa zuwa yana koya mini. Inna ta matso tana lissafi da ido. "Malam, haihuwa uku, shekara nawa ke nan?"

"Ya danganta da saniyar, Hajiya. Gimbiya ba ta gaggawa."

"Mu ma," in ji Inna, wadda duk Magariya ta san ƙarya take yi.

Da asuba suka tafi, Yaya da Harouna da Inna. Kwanakin da suka biyo baya ba zan iya rubuta su da dariya ba. Ranar aikin na zauna kusa da Gimbiya da salula a cinya, na kasa karanta ko layi ɗaya. Baffa ya ƙi komawa Guci, yana zaure da carbi. Umaru ya tatsa, ya wanke ƙwarya, ya sake wanke ta. Wajen azahar Harouna ya kira, kuka ya hana shi magana, sai da Inna ta fizge salular ta ce an fito, tana numfashi, an kuma saurari na cikin, zuciyarsa tana bugawa.

Bayan kwana biyu vokal ya shigo daga lambar Yaya. Na kai zaure na kunna a gaban Baffa. Aka ji ƙarar na'ura, aka ji numfashi, dogo, mai santsi, irin wanda na manta tana da shi. Sai muryarta, siririya kamar zare:

"Umaru, ka ce wa mutanen gida mun gode, ni da mai shurina. Kuma ka ce..." Ta ja numfashi. "Muuu."

Baffa ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya juya fuska bango yana gyara shi, ya daɗe bai juyo ba. Da ya juyo ya ce, "Mai hankali ce. Daga kukan ake ganewa."

Da yamma ina ba Gimbiya dusa salula ta yi ƙara. Umaru ne, alhali yanzu ya fita daga gidan, ƙurar takalminsa ko kwantawa ba ta yi ba. Na buɗe ina jiran maraƙi. Babu hoto. Layi ɗaya ne:

"Safiatou, gobe in na zo tatsa ina da magana. Ba ta shanu ba ce."